Lambar da Laka ta Rufe

An yi wani mutum, jama'a, a wani gari can ƙasar Amurka, shekaru masu yawa da suka wuce. Sunansa Darnell. Addininsa ban sani ba, kada ku tambaye ni, halinsa na kawo muku.

Mahaifiyarsa Loretta wankau take yi. Da wanki ta ciyar da shi, da wanki ta sa shi makaranta, har sabulu ya cinye mata yatsu. Yaro ya tashi ƙato, ya shiga ƙwallon nan ta Amurkawa. Ba irin wadda ke hana ku sallar la'asar ba, a'a, wannan a hannu ake ɗauka a ruga da ita, kowa da hular kwano. Aikin Darnell shi ne ya tsaya bayan sahun farko na 'yan wasansu, duk wanda ya ɗauko ƙwallo ya cafke shi ya kai shi ƙasa. Kuma akwai mai rubutawa can saman fili, duk wanda ya kayar da mutum sai a dubi lambar rigarsa a rubuta masa.

Ya ƙware har wata jami'a ta ɗauke shi karatu kyauta. A shekararsa ta ƙarshe aka ce wanda ya fi kowa kayarwa a yankin, manyan ƙungiyoyi za su kira shi gwaji. Ya ce wa uwarsa, “Mama, saura kaɗan ki bar wankin nan.”

To, ku saurara. A gefensa akwai wani ɗan wasa, Curtis, wanda koci, mai horar da su, ya riga ya gaya wa idan bai taɓuka komai a wasan ƙarshe ba, za a janye masa tallafin karatu. Darnell lambarsa hamsin da uku, Curtis hamsin da takwas. Ranar wasan aka tafka ruwa, kowa ya yi dumu-dumu da laka. Da aka tashi, takarda ta nuna Darnell ya kayar da goma sha huɗu, Curtis biyu kacal. Darnell ya zo na ɗaya a yankin. Curtis kuwa sai haɗa kaya.

Al'adarsu ce, washegari da safe a zauna a kalli bidiyon wasan. Ana cikin kallo Darnell ya lura da wani abu. Ga mutum an kayar, an rubuta wa Darnell, alhali ya san a lokacin yana ɗaya gefen fili. Laka ce ta rufe rabin takwas ɗin Curtis, ta koma kamar uku. Ya ƙirga: sau biyar. Ya waiwaya, ya ga Curtis ya sunkuyar da kai. Ashe shi ma ya gani, kunyar ɓata wa babban yaya rabo ce ta rufe masa baki.

Ku auna, jama'a. Ba shi ya rubuta ba. Ba ƙarya ya yi ba. Shiru kawai ake so ya yi, shiru na minti goma, uwarsa ta huta.

Sai ya miƙe. “Koci, a mayar baya. Wannan ba ni ba ne, Curtis ne.”

Koci ya ce, “Zauna, Darnell. Ka san abin da za ka rasa kuwa?”

Ya ce, “Na sani, yallaɓai. Saura huɗu, a mayar in nuna muku.”

Aka gyara takarda. Curtis ya tsira da karatunsa. Darnell ya sauko na uku, ba wanda ya kira shi gwaji. Kuna jiran in ce daga baya ya zama attajiri? Bai zama ba. Malamin motsa jiki ya zama a makarantar unguwarsu.

Abin da ya fi yi masa nauyi shi ne gaya wa uwarsa. Ya same ta tana shanya, ya faɗa mata komai, wannan ƙaton yana hawaye. “Mama, ki yafe mini, na yi miki alkawari.”

Ta ƙarasa shanya rigar da ke hannunta. Sannan ta goge hannu a zaninta, ta ce, “Shekara ashirin ina laluba aljihun mutane kafin in jiƙa kayansu, kana zaune kana kallona ina mayar musu da abin da na samu. Da ka yi shiru, da na san wahalar banza na sha. Kama mini bakin zanin gadon nan.”

Jama'a, haƙƙin wani ba ya zama naka don an rubuta shi da sunanka bisa kuskure. Yin shiru a kansa cin amana ne, ko da ba wanda ya gani. Kai da aka yaba maka a ofis kan aikin da na ƙasa da kai ya yi, ka yi murmushi ka karɓa, da kai nake. Ke da aka ce kin iya girki alhali ƙanwarki ce ta wuni a madafa, da ke nake. Akwai ranar da za a mayar da komai baya a gaban kowa, kuma ranar babu laka. Ku miƙe tun yau ku ce, “Ba ni ba ne, wane ne.” Allah Ya ba mu ƙarfin zuciyar faɗa.