Kujerar Makarantar Rafin Ɗinya

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku matso kusa. Shari'a na kawo muku yau, kuma ba wanda zai tashi daga tabarmar nan sai ya faɗi nasa hukuncin. Kai ma da kake hamma, da kai nake.

A bayan wani birni akwai unguwa da ake kira Rafin Ɗinya. Irin unguwannin nan ne da ba su zama gari ba, ba su kuma ci gaba da zama ƙauye ba: ga gidan bulo mai tagogin gilashi, ga lambun albasa a jikin katangarsa. Yawancin mutanen wurin 'yan lambu ne, kullum da asuba motoci ke kwasar albasa da tumatir da latas su kai kasuwar birni. Makarantar firamare ta gwamnati ɗaya ce gare su, an gina ta a gonar wani dattijo, Malam Dangana, wanda ya ba da filin kyauta tun wurin yana daji. Ya rasu ya bar 'ya'ya uku. Ilu ne babba, sai Lantana, sai auta Mamuda.

Makarantar nan ta lalace, irin lalacewar da kowa ke gani ya kau da kai. Malamai duk a birni suke zaune, da safe kuwa motocin haya cikin birni suke nufa, ba mai fitowa bayan gari, saboda haka malami ba ya isowa sai hantsi ya ɗaga sosai. Iyaye suka ga yara na zaman banza a aji, suka ce gara su yi amfani, aka mayar da su talla da ban ruwa a lambu. Malamai suka ga aji babu yara, suka ƙara makara. Da aka yi jarrabawar shiga sakandare, sakamakon da ya fito ko ni mai ba da labari kunyar faɗarsa nake ji.

Sai ofishin ilimi ya yanke cewa za a rufe makarantar, a haɗe yaran da wata da ke tsallaken babban titi. Titin nan na tirela da tanka ne, babu gada, babu mai tsallakar da yara. Akuya ma in ta hau shi ba ta cika dawowa ba. Kowa ya gane abin da ake nufi: ko dai ka tura ɗanka da bai gama famfara ba ya tsallaka wannan titi safe da rana, ko ka haƙura da karatunsa. Sai a lokacin unguwa ta tuna tana da makaranta.

Ilu ne ya fara motsawa. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne da ya yi ritaya, mutum mai ji da kai, wanda bai taɓa roƙon kowa ko allura ba. Dattawa suka ce a yi gayya a je ofis a ta da hayaniya, ya ce a bar masa. Bai taka ofis ba ko sau ɗaya. Dangin Sakataren Ilimi ya sa a gaba. Aka yi rasuwa a gidan kawun Sakatare, Ilu na kan tabarmar ta'aziyya tun daga jana'iza har sadakar bakwai. Ƙanwar Sakatare ta haihu, Ilu ya riga maroƙa isa wurin suna. Ɗaurin aure a wani ƙauye mai nisa, da damina, laka har gwiwa, Ilu na sahun gaba. Ya gaisa, ya yi addu'a, ya kama hanya, maganar makaranta ko da wasa bai ɗauko ba. Mutane suka fara ce masa ɗan maula, har a wani gida aka riƙa ajiye masa kwano a gefe kamar wanda yunwa ta kawo. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ya haɗiye. Rannan kunya ta ci Sakatare, ya ja shi gefe ya ce, "Baba, don girman Allah me kake so? Ka ɗaure ni da jijiyoyin jikina." Ilu ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara guda kawai. In ba mu gyara ba, ni da kaina zan kawo kwaɗon da za a rufe ta." Aka ba shi shekarar. Ba don shi ba, da an garƙame makarantar kafin wani ya yi wani abu.

Mamuda shi ne shugaban direbobin da ke jigilar kayan lambu. Ya lura motocinsu suna sauke kaya a birni da sassafe, sai su tsaya jiran lodin komowa, taki ko siminti, har azahar. Ya ce daga yanzu wasu motoci za su riƙa juyowa nan take, su ɗauko malamai a bakin kasuwa. Direbobi suka yi masa ca, don lodin komowa shi ne ribarsu, har taro suka yi za su tsige shi. Ya ce to a fara da tasa motar. Ya daɗe shi kaɗai yana wannan asara kafin sauran su ji nauyi su shigo. Malaman ma ba su zo da sauƙi ba. Wa zai sa farar shadda ya hau bayan a-kori-kura mai warin albasa? Mamuda ya sa kafinta ya ƙera benci, yana wanke bayan motar da hannunsa ya shimfiɗa tabarma, malamai mata kuma ya bar musu gaba. Warin dai bai fita ba, har yara suka laƙaba musu malaman albasa, amma kafin a kaɗa ƙararrawa suna cikin aji. Ba don shi ba, da shekarar da Ilu ya samo ta ƙare a banza.

To malamai sun zo a kan lokaci, sai suka tarar da benci babu kowa, don iyaye sun riga sun ɗanɗana daɗin talla. Nan Lantana ta shigo. Mai kitso da lalle ce, duk Rafin Ɗinya babu kamarta, amarya in ba hannunta ya bi ta ba gani ake kamar ba a yi biki ba. Ta aika gida-gida cewa duk inda aka ga yaro a gida ko a talla lokacin makaranta, matan gidan su nemi wata mai kitso. Aka ɗauka wasa take. Da Sallah ta matso, aminiyarta ta ƙuruciya ta zo da kai a tsefe, ta mayar da ita haka. Daga nan ta ƙi yi wa 'yar ƙanwar mijinta lallen aure saboda ƙannen amaryar suna talla. Dangin miji suka yi mata taron dangi, maigidan ya yi fushi har ya ƙaurace wa abincinta. Ta yi kuka a ɗaki, ta fito ta kafe a kan bakanta. Kuma ba tsoratarwa kaɗai ta yi ba: ta shirya da mata su riƙa kai abincin sayarwarsu bakin makaranta in an tashi tara, tsofaffi na zama da shi, ciniki bai tsaya ba. Azuzuwa suka cika har wasu yara na zama a ƙasa. Ba don ita ba, da bango malamai za su koya wa karatu.

Shekara ta zagayo, aka yi jarrabawa, yaran Rafin Ɗinya suka ci fiye da na tsallaken titi. Sakatare ya zo da kansa aka yi taro, kuma a nan ne abin ya ɓaci. Shi Sakatare bai san kowa a cikinsu ba sai Ilu, saboda haka da ya tashi jawabi sai ya ɗaga hannun Ilu ya ce, "Ga uban wannan makaranta." Lantana tana can baya cikin mata, ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Mamuda yana waje yana nuna wa motocin baƙi wurin tsayawa, sai daga baya aka kai masa labari, mai kaiwar kuma ya ƙara gishiri. Da aka tashi, malamai suka tare Mamuda suka kafa masa sabuwar hula zanna da suka haɗu suka saya, ana ta tafi. Ilu na tsaye yana kallo. Shi da ya cinye takalmansa a hanya, ko hankici malaman nan ba su ba shi ba. Mata kuwa suka raka Lantana har gida da guɗa, ana kiran sunanta, unguwa duk ta ɗauka, 'yan'uwanta maza suna ji ransu na suya. Kowannensu ya koma gida yana tuna abin da aka yi wa ɗan'uwansa, ya manta wanda aka yi masa. Ƙyashi ne tsagwaronsa, kuma wallahi ban san ciwon da ya fi shi wauta ba.

Kafin Sakatare ya tafi ya bar sharaɗi. Makaranta za ta tsaya, har za a ƙara mata azuzuwa, amma sai unguwa ta kafa kwamitin kula da ita, da shugaba guda ɗaya daga cikin jama'a, wanda zai riƙa sa hannu a madadinsu, a kuma rubuta sunansa a allon bakin ƙofa. Ya ce a kai masa sunan kafin a dawo daga dogon hutu. In ba a kai ba, hukuncin farko na nan, don unguwar da ta kasa fitar da mutum ɗaya ba za ta iya riƙe makaranta ba.

Mai unguwa ya tara su ukun a zauren mahaifinsu, a zatonsa 'yan ɗaki ɗaya ne, kafin shayi ya huce an gama. Ilu ya gyara babbar riga ya ce, "Ni ban zo da maganar girma ba. Amma ku tambayi kanku, ranar da za a rufe ta, me ya hana? Kitso ne, ko albasa?"

Lantana ta ce, "Yaya, ka ci tuwon suna ka ci na biki, ka samo shekara, mun gode. To shekarar ce ta zauna jarrabawa? Yaran da suka ci ni na fito da su daga ɗakunan iyayensu, har aurena ya kusa mutuwa. Ko don ni mace ce shi ne guɗa ta ishe ni?"

Mamuda ya ce, "Ku duka kun gama naku kun huta. Yaya Ilu ya yi gaisuwa ya koma inuwa, Yaya Lantana ta yi barazana ta koma kitsonta. Ni kuwa gobe ma da asuba sai na ta da mota, jibi ma haka. Tun muna yara ni ke ɗaukar kaya ku kuna shan sannu. Wannan karon ban yarda ba."

Daga nan aka shiga rantse-rantse. Ilu ya ce in aka ba wani, shi da ƙofar Sakatare har abada, azuzuwan kuwa har yanzu alkawarin baki ne da sai an bi. Lantana ta ce za ta yi wa kowa kitso, ko yaransa a kasuwa suke kwana. Mamuda ya ce siminti na nan na jiran motarsa. Mai unguwa ya ce to a yi karɓa-karɓa, aka tuna masa suna ɗaya ofis ya nema, kuma ba wanda ya yarda ya zo na biyu. Ya ce a ɗauko wani daban daga unguwa. A nan ne kaɗai bakinsu ya zo ɗaya, su ukun suka ce a gonar ubansu ba mai hawa kujera suna raye.

Yanzu haka ba sa ga-maciji. Ilu ya canja hanyar masallaci don kada ya haɗu da hular Mamuda. Mamuda in ya hango Lantana sai ya ɗaga gilashin mota. Lantana kuwa duk wadda ta zauna gabanta kitso sai ta sha labarin tuwon sunan da Yaya ya ci. Hutu ya kusa ƙarewa, iyaye mata sun ɗinka wa yara kayan makaranta sun ajiye, ba su san wace makarantar za a sa su a je ba. Mai unguwa har ya rame.

Kada wani ya ce mini a yi musu wa'azi, liman ya yi har muryarsa ta dushe. Kada kuma a ce a jira su huce, lokaci ba zai kai ba. Yau ku ne mai unguwa, suna ɗaya za ku kai, kuma kun san sauran biyun za su iya janye hannu. Ilu ya zubar da girmansa ya samo lokaci. Mamuda ya kawo malamai, kuma har gobe shi zai kawo su. Lantana ta sa aurenta a kasada ta cika azuzuwa. To, a cikin 'ya'yan Malam Dangana, wa ya fi cancanta da kujerar nan?