Bargon da Ya Kai Kansa Gida

Ya 'yan uwa, ku gyara zama. Labarin yau na kabbara ne.

An yi wani mutum, direba, mai ƙaramar motar kai saƙo daga wannan gari zuwa wancan. Kwali, buhu, jaka, duk abin da ka ba shi zai kai. Da amana yake cin abinci. Mahaifiyarsa tana can ƙarshen hanyarsa. Ƙanwarsa kuma, autar gidansu, tana nan farkon hanyar, mijinta ya rasu ya bar ta da yara da tsohon keken ɗinki.

Auta ba ta da kuɗin shiga kanti, amma Allah ya yi wa hannunta albarka. In ta so yi wa gida alheri, sai ta sami fulawa kaɗan da sukari kaɗan, ta zuba yashi a gindin tukunya ta gasa biskit, tana yanka shi da bakin kofi. Ta haɗa sabulu ta zuba a gwangwanin madara har ya daskare. Ta wanke kwalaben da maƙwabta suka yar, ta cika su da man shafawa, ta ɗaure bakinsu da ƙyalle. Wannan na Mama, wannan na yayye, wannan na jikoki. Sai ta miƙa wa direba kwalin ta ce, "Yaya, ga ɗan abin da ya samu. A gaishe su."

A tsakiyar hanya akwai wani shago da gogan naku yake tsayawa shan shayi. Ran nan ƙanshi ya dame shi, ya buɗe kwalin, ya ci, ya ɗanɗana wa mai shago. Mai shago ya ce, "Na sayarwa ne?" Kalma ɗaya ce tsakaninsa da halaka, kuma ya faɗe ta: "E." Har ya ƙara da cewa tsohuwarsa ce take yi. Daga ranar, duk kwalin da Auta ta ba shi a shagon nan yake ƙarewa.

Za ku ce, bai ji tsoron asirinsa ya tonu ba? Ai ya san mutanensa! Ya san Auta ba za ta taɓa ɗaga waya ta ce, "Mama, kin ga saƙona?" ba, don kada ya zama gori. Ya san Mama ma ba za ta buɗe baki ta roƙi 'yarta ba. A cikin kunyar bayin Allah biyun nan ya sami wurin ɓuya.

In Mama ta ce, "Auta ba ta ce komai ba?" sai ya taɓe baki: "Mama, kin san yaran yanzu." A hankali zuciyar tsohuwa ta yi sanyi da 'yarta. Gaisuwar waya ta koma "lafiya lau" sai a kashe. Auta ta yi kuka har ta gaji. Ta ɗauka kyautarta ce aka raina, sai ta ƙara ƙoƙari, ta ƙara gyara. Shi kuwa ya ƙara farashi. Kun ji rashin imani?

Da Auta ta sami labarin sanyi yana damun ƙafafun Mama, sai ta ciro tsofaffin rigunan marigayi babansu da aka ba ta. Ta yayyanka su, ta harhaɗa, ta ɗinka bargo mai laushi. A tsakiya ta sa wani ƙyalle mai tabon ƙunar dutsen guga. Mama ce ta ƙona rigar tun tana amarya, kuma marigayi ya yi ta tsokanarta da ita har ya koma ga Allah. Auta ta ce a ranta, wannan dai dole Mama ta yi dariya.

Wallahi har bargon nan gogan ya sayar. Rigunan ubansa, ya 'yan uwa! Matar mai shago ta saya wa jaririnta.

To, ku saurari ikon Allah. Masu sayen sabulu suka yi yawa, abin da direba yake kawowa ba ya isa. Matar mai shago ta ce bari ta je wurin tsohuwar da kanta su yi magana baki da baki. Ta naɗe jaririnta a cikin bargon, ta shiga wata mota, ta yi ta tambaya har ƙofar gidan. Ta yi sallama, ta tarar da direba a tsakar gida yana cin abincin uwarsa.

Ta ce, "Mama, ke ce mai sabulu?"

Mama ba ta ji ta ba. Idonta yana kan bargon. Ta matso, ta ɗora yatsa a kan tabon, ta ce, "Wannan ƙunar ni na yi ta. Ina kika samu rigar mijina?"

Allahu Akbar! Direba ya saki lomar da ke hannunsa. Matar ta zayyana komai, biskit, sabulu, kwalabe, tun na farko. Sannan ta kwance jaririnta ta ɗora wa tsohuwa bargon a cinya. Mama ta rungume shi tana kuka tana dariya, tana cewa, "Ashe 'yata ba ta manta da ni ba!"

Ta yafa mayafi ta ce wurin Auta za ta. Direba ya durƙusa ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, bari in kai ki."

Ta ce, "A'a, kada ka sayar da ni a hanya."

Kafin ta isa, maganar ta riga ta zaga tasha. Wa zai ba da saƙonsa ga wanda ya sayar da na uwarsa? Ko allura ba a sake ba shi ba. Motar tana nan a fake, tayoyi sun sace, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta.

Auta kuwa, shagon da aka cuce ta a cikinsa shi ya fitar da sunanta. Yau saƙon sayen kayanta ake aiko mata daga ko'ina, ta sayi murhun gashi, kuma Mama tana ɗakin Auta, ƙafafunta cikin bargo, tana ɗaure bakin kwalabe.

Ya 'yan uwa, kada wanda ya raina abin da hannunsa ya iya, ya ce ya yi kaɗan a kai gida. Wanda aka kawo wa, ya ɗaga waya ya yi godiya. Wanda ya aika, ya tambaya, ba gori ba ne. Kai kuma da aka damƙa wa kwali, ka sani zumuncin mutane ka ɗauko, kuma Mai kallo ba ya barci.

Allah ya sa albarka a hannayenmu, ya kiyaye mu da cin amanar da za ta biyo mu har tsakar gida. Amin.