Dalmar da Ke Hancin Jirgi

Akwai wani mutum mai gyaran tankunan ruwa da yake zaune a gindin wani babban tudu. Da faiba yake aiki, wato ƙyallen zaren gilas ɗin nan da ake shafa wa gam, in ya bushe ya yi tauri. Gwani ne, ba a musu. Amma in ka ga ya ajiye buroshi ya ɗaga kai sama, to, shirwa yake kallo. Kullum da la'asar iska takan taso daga kwari, ta bugi ƙirjin tudun, ta yi sama, shirwa kuwa ta shimfiɗa fukafukanta a kai ta yi ta shawagi ba ta ko kaɗa su.

Tsohon da ya koya masa sana'a yana nan da rai. A zamanin ƙarfinsa yakan ƙera ƙananan jirage marasa inji, irin waɗanda ake jefawa daga kan tudu, mutum yana tsaye yana juya su da rimot, iska kaɗai ke ɗauke da su. Yanzu hannunsa yana rawa, idonsa kuma yana dushewa. Wata rana ya aika aka kira mutumin nan, ya ce masa, "Ɗana, idona yana tafiya. Ina so in sake ganin jirgi a kan tudun nan kafin idon ya rufe."

Ya ba shi zanen jirgi da rimot, ya kuma damƙa masa wani ɗan curin dalma kamar ƙwarar goro. Ya ce, "Wannan a cikin hancin jirgin za ka sa ta. In ka gama, ka ɗora shi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fukafukai. In hanci ya ɗan sunkuya, ya yi. In wutsiya ce ta sauka, kada ka jefa."

Mutumin ya kama aiki. Ya sassaƙa ƙirar jikin jirgin, ya shimfiɗa faiba, ya shafa gam, ya jira ya bushe, ya goge da samfefa, ya sake gogewa. Wata huɗu yana abu ɗaya. Hannunsa ya yi ta ƙaiƙayi, matarsa ta yi ta mitar warin gam, har ta ce ko a miya tana jin sa. Da ya gama, ga jirgi fari fat, sumul, fukafukansa sun fi tsawon hannuwan mutum in ya buɗe su. Da hannu ɗaya ake ɗaga shi, ba a jin komai.

Sai ya sa dalmar a hanci, ya sake ɗagawa, ya ji nauyi. Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Wata huɗu ina rage nauyi, yanzu kuma in ƙara da hannuna? Wa ya taɓa ganin tsuntsu ya haɗiyi dutse kafin ya tashi?"

Matarsa tana tsince shinkafa ta ce, "Maigida, ai kaza tana haɗiyar tsakuwa."

Ya ce, "Shi ya sa ba ta tashi."

Ta ce, "Ni dai na ji abin da Baba ya ce."

Ya zare dalmar ya jefa a aljihu. Gwajin yatsu ma bai yi ba, domin ya san abin da yatsun za su gaya masa.

Ranar da iska ta yi kyau, aka riƙe hannun tsohon aka hau da shi tudu a hankali, yana hutawa a kan kowane dutse. Mutanen gari suka biyo baya. Tsohon ya ce, "Ka gwada shi a yatsu?" Mutumin ya ce, "Komai ya yi daidai, Baba." Ya fuskanci iska, ya jefa.

Jirgin ya ɗaga hanci sama kamar mai girman kai, jama'a suka yi shewa. Sai ya tsaya cak, ya faɗo, ya sake ɗaga hanci, ya sake faɗowa. Mutumin ya danna nan ya danna can, rimot bai yi masa rana ba. Iska ta juya jirgin yadda ta ga dama, ta buga shi da dutse, fiffike ɗaya ya karye biyu. Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba.

Tsohon bai yi faɗa ba. Ya miƙa hannu ya ce, "Ina dalmar?" Mutumin ya ciro ta daga aljihu, kunya ta rufe shi. Tsohon ya ce, "Ɗana, ba don in danne jirginka na ba ka ita ba. Ita ce take sa shi ya ratsa iska. Jirgin da ba shi da nauyi a gaba, iska wasa take yi da shi."

Gyaran fiffike ya ci mako shida. Ga shi kuwa, kafin a gama, idon tsohon ya kai inda ba ya bambance komai sai haske da duhu. Abin ya ci wa mutumin nan rai ƙwarai, gama ya san shi ne ya ɓata lokacin. Duk da haka ya sa dalmar a hanci, ya sake hawa tudun da tsohon. Wannan karon a kan yatsun tsohon ya ɗora jirgin. Hanci ya ɗan sunkuya. Tsohon ya ce, "Jefa."

Jirgin ya miƙe sak cikin iska, ya hau, ya yi ta hawa har ya kai inda shirwa take. Mutumin ya karkato shi a hankali, ya bi da shi tsakanin rana da fuskar tsohon. Inuwar fukafukai ta gifta a kan idonsa. Tsohon ya yi dariya ya ce, "Na gan shi! Ya tashi." Mutumin kuwa ya yi kuka, domin ya san inuwa kawai tsohon ya gani, alhali da ya yi biyayya tun farko da ya ga jirgin kansa.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Jirgin shi ne ranka. Iskar da take bugun tudu ita ce wahalar duniyar nan, ba kuwa wanda za ta ƙyale. Dalmar ita ce nauyin da Allah ya damƙa maka ya ce ka sa a gaba: tsoronsa, da kiyaye maganarsa, da hakkin mutanen da ya ba ka. Wata, mahaifiyarta ce da ta tsufa sai an ɗaga ta an kwantar. Wani, gaskiya ce da zai faɗa a wurin aiki, ya san ba za a gode masa ba. Mukan dubi waɗannan mu ce, "Da ba don wannan ba, da na yi nisa." Na sha faɗin haka ni ma, ba zan ɓoye muku ba.

Amma ku lura, iskar da ta karya jirgin ita ce dai ta ɗaga shi daga baya. Iskar ba ta canja ba, tudun bai canja ba, abin da ke cikin hanci ne ya canja. Mutumin da ya zubar da kowane nauyi yakan ɗaga kai na ɗan lokaci, a yi masa shewa, sa'an nan kowace iska ta juya shi. Wanda ya karɓi nauyinsa daga hannun Ubangiji yakan ɗan sunkuyar da kai, shi ne kuwa yake hawa. Ina da tabbacin wannan, gama Wanda ya ƙera ka ya san awonka, ba zai sa maka abin da ya wuce kima ba.

Allah mai jinƙai ne, yakan ɗinke fiffiken da ya karye, ba na shakka. Amma mako shidan nan ba su dawo ba. Akwai wanda yake jiran biyayyarka, idonsa kuwa yana dushewa. In ka koma gida yau, sa hannu a aljihu. Dalmar da ka zare tana nan. Mayar da ita inda aka ce ka sa, tun mai jiran yana gani.