Kwabon Da Ya Kusa Cinye Keken Ɗinki

Wasunku kun kalli bidiyo biyu a waya, shi ke nan kun zama masana, matanku na gida kuma sun koma jahilai. Da ku nake.

Akwai wani direba da ya ji cewa kwabon da aka yi kuskure wajen buga shi yana tsada. Tun daga ranar kowa ya shiga uku.

Rannan ya shigo gida da wani dillali, riƙe da tsohon kwabo mai gibi a gefe. Sun riga sun daidaita a waje: dillali zai ba da kwabon, ya ɗauki keken ɗinkin matarsa, keken da ke ciyar da gidan duk ranar da mota ta kwanta.

Matar na kan ɗinki mijin ya ce, "Tashi, cire kayanki. Wata mai zuwa zan sayo miki uku."

"Baban yara, mu ga abin da zai haifi keke uku."

"Me kika sani ban da zare?"

Dillali ya yi dariya. "Hajiya, injin gidan buga kuɗi ne ya gutsure shi. Ɗaya ne a miliyan."

Ta karɓi kwabon, ta ja zare a kan gibin. Zaren ya maƙale, ya tsinke.

Bari in koya muku, ni da na sha cuta kafin in waye. Gibin da aka buga kwabo da shi sumul yake, rubutun da ke kusa da shi yana dusashewa a hankali. Wanda wahalar duniya ta yi kuwa, ƙarfen yakan tattare ya yi kaushi, da ƙarce a jiki.

Ita ba ta san wannan karatun ba. Durowar keken ta jawo, ta ɗauko kwabon da ta shekara goma tana kwance notin ƙarƙashin allura da shi. Iri ɗaya, gibi ɗaya.

Ta haɗa su a tafi, ta girgiza, ta buɗe.

Ta ce wa dillali, "Malam, ɗauki naka."

Mijin ya riga ya kama ƙafar keken, hannunsa ya tsaya a nan.

Dillali ya duba, ya sake dubawa, gumi na tsattsafo masa. Ya ɗauki ɗaya.

Ta ce, "Wannan nawa ne. Ga man keke nan a jikinsa, shinshina. Amma tunda ɗaya ne a miliyan, na sayar maka. Kawo mini keke, kuɗinsa ke nan."

Dillali ya fice, ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba.

Mijin ya saki keken a hankali. Ta miƙa masa zare ba ta dube shi ba. "Zura min a allura, masani."

Ya zura. Sau huɗu yana kuskurewa.

Darasi: ba kowane gibi ba ne abin daraja, wani tsufa ne kawai da wahala. Kuma wanda ka raina a gidanka yakan ga abin da kwaɗayi ya rufe maka. Ku tura wa masanin gidanku. In kuma akwai wanda bai taɓa ce wa na kusa da shi "me ka sani" ba, ya fito nan ya ƙaryata ni.