Kyamarar Malam Sallau da Ba Ta Son Ja

An yi wani mutum a wani gari, bawan Allah mai gyaran rediyo da talabijin, ana ce masa Malam Sallau. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ku matso ku saurara, 'yan'uwa. Labarin nan ba na zamanin kakanni ba ne, na wannan zamanin ne da muke ciki, kuma akwai ban haushi a cikinsa.

Garin na masu shirya fim ne. Kyamarorin da suke aiki da su duk daga ƙasashen waje ake kawo su, haya suke ɗauka, in ɗaya ta lalace a kai wa Malam Sallau. Abu ɗaya ya dame shi. A ɗauki baƙin mutum da irin kyamarorin da ake kawo masa, in ba an jibga masa fitilu ba, sai fuskarsa ta fito kamar an baɗe ta da toka. Har 'yan wasa suka koma shafe-shafen mai don kyamara ta gan su. Shi kuwa ya ce fata ba ta da laifi, laifin na inji ne, kuma zai ƙera wadda za ta ga mutum yadda Allah ya halicce shi.

Matarsa Dije ta ɗauka zancen kwana biyu ne. Shekara bakwai aka yi ana abu ɗaya. Shekara bakwai, jama'a. Ɗakin baƙi ya cika da wayoyi. Ta nemi faifanta, ta tarar an zuba masa ƙananan kusoshi. Ta nemi tsinken tsifarta, yana can ana zungurar wani abu da shi. Idon kyamarar na ciki, mai kama haske, ya aika aka sayo masa daga waje, gilashin gaba ya ciro daga tsohuwar kyamarar wani mai hoto, jikin kuwa masu zuba tukwanen dalma na bayan kasuwa ne suka zuba masa. Sauran aikin na rubutun kwamfuta ne, wanda ya koya wa kansa da furfura a gemu. Da abin ya haɗu sai ya fito kamar ƙaramar tukunya mai hanci. Unguwa ta samu abin yi. Duk gidan sunan da Dije ta shiga sai wata ta tambaye ta ko tukunyar Malam ta tafasa, a kwashe da dariya. Ta yi murmushin yaƙe, ta dawo gida ta sauke masa. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce kullum, wai ta ƙara haƙuri, saura kaɗan.

To, ku saurara, ashe saura kaɗan ɗin tana da ranarta. Kyamara ta tashi. Ya ɗauki wani dattijo maƙwabcinsu yana alwala a inuwar darbejiya, ba fitila ba komai. Da aka sa a talabijin Dije ta riƙe baki. Ga baƙin nan na tsohon yana sheƙi, ga kowane zanen fuskarsa, ga ɗigon ruwa a gemunsa kamar ka sa hannu ka share.

Amma tana da aibi ɗaya. Ba ta son ja. Da zarar jan abu ya shigo hoto sai launin ya malale ya wuce iyakarsa, kamar manja a farin faranti. Ya yi, ya yi, abin ya ƙi gyaruwa.

Ana cikin haka labari ya kai kunnen Alhaji Ɗanlami, babban mai shirya fim na garin. Ya aiko cewa ran Asabar bayan la'asar zai zo gidan da mutanensa su gani. In ta yi masa, da ita za a ɗauki sabon fim ɗinsa. Ƙofa ɗaya ke nan da ta buɗe a shekara bakwai, kuma Dije ta san in ta rufe ba lallai wata ta buɗe ba.

Ta zaunar da shi. Ta ce ba ƙarya take so ya yi ba, Allah ya kiyaye. Ya nuna musu abin da kyamara ta iya, ya ja bakinsa ya yi shiru. In an fara aiki, kafin a zo kan ja wataƙila ya gano maganin. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Dije, in ban gano ba fa? Mutum ya tara jama'a, ya yi wata yana aiki, sannan ya gani?"

Ta ce, "Malam, kai kaɗai ne mai tsoron Allah a garin nan?"

Ya koma kan aikinsa. Ita kuwa ta san halin mijinta, don haka ta ɗauki nata matakin. Ran Asabar tun da hantsi ta bi gidan lungu-lungu ta kwashe duk wani jan abu: mayafinta, butar roba, tabarma mai jan zane, bokiti, har zakaranta mai jan tukku ta kai ajiya gidan maƙwabta. Gida ya zama ba ja ko na magani.

Baƙi suka zo, aka shimfiɗa musu a tsakar gida, ita tana leƙe ta tagar madafa. Aka ɗauki ɗaya daga cikinsu, aka nuna. Alhaji Ɗanlami ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce a sake nunawa. Har ya fara zancen ranar da za a fita aiki. Zuciyar Dije fari ƙal.

Sai Malam Sallau ya waiga dama, ya waiga hagu, kamar mai neman wani abu. Ya ce su ɗan jira shi, ya fita. Kun san da me ya dawo? Da tiren tumatir da attarugu, ya tare mai baro a bakin titi ya saya. Ya ajiye a gaban kyamara, ya ɗauka, ya nuna musu. Ja ya malale ko'ina, ba ka bambance tumatir da tire.

Alhaji ya dube shi, ya ce, "Malam, wa ya tambaye ka?"

Ya ce, "Ba wanda ya tambaye ni, Alhaji. Shi ya sa na faɗa."

Alhaji ya karkaɗe rigarsa. Ya ce fim ɗinsa akwai biki a ciki, kuma shi bai taɓa ganin bikin da babu ja ba. Suka tafi. Dije ta yi kwana uku ba ta ce masa ci kanka ba. Tumatir ɗin ma da huci ta markaɗa shi.

Shekara biyu ba wanda ya sake leƙowa. Ya koma kan rediyonsa, ja kuwa bai gyaru ba. Sai wata rana wani tsohon mai ɗaukar hoto, Baba Ilu, wanda yana cikin baƙin ranar, ya yi sallama. Ya ce ya samu ɗan ƙaramin fim zai ɗauka, kuma wannan kyamarar yake so. Ya ce a shekarunsa na aiki ba kyamarar da bai ga aibinta ba, sai dai kullum a tsakiyar aiki yake ganowa, bayan mai haya ya rantse masa lafiyarta ƙalau. Wannan ce kaɗai aka gaya masa ciwonta tun kafin ya taɓa ta, kuma ciwon da ka sani ka san yadda za ka zauna da shi. Haka aka yi fim ɗin nan ba ja ko ɗigo. Tela ya yi ta mita, amaryar cikin fim ɗin ta sha shuɗi, aka hana kowa jar hula.

Malam Sallau bai gani ba. Ana tsakiyar aiki ciwo ya kwantar da shi, kwana tara Allah ya karɓi abinsa. Bayan Dije ta fita takaba aka kawo mata fim ɗin. Ta zauna ta kalli fuskokin mutanen garinta sun fito yadda suke, tana hawaye tana faɗa da wanda ba ya nan. Ta ce da ya ji maganarta da tun shekara biyu baya ya ga aikinsa da idonsa. Har yau in ta tuna haushin yana taso mata. Amma in aka tambaye ta ko akwai mutum ɗaya da zai riƙe wuyan rigarsa ranar gobe kiyama ya ce ya rufe shi, sai ta girgiza kai.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi. Ɓoye aibin kaya ha'inci ne, ko da ba a buɗe baki an yi ƙarya ba. Ke mai sayar da atamfa, kin san tana zuba, kin yi shiru don ba a tambaye ki ba. Kai mai sayar da waya, ka san batirinta ba ya kai azahar. Ke mai akuya, kin san tana tari, kin wanke ta kin kai kasuwa. Duk kuna cewa ai ba ku yi ƙarya ba. Ku faɗa tun kafin a tambaya. Ba na yi muku alkawarin za ku ga ribar a nan ba, Malam Sallau ma bai gani ba. Amma ya tafi ba da hakkin kowa a wuyansa ba. Ke da kike saurare na, in yau aka kira ki, haka za ki tafi?

Allah ya sa mu cika da imani.