Minti Huɗu da Minti Shida

Akwai wata mata da ke aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani kamfanin magani. Kowa Anti yake ce mata. Ba ta da gaggawa, ko lamba ɗaya za ta rubuta sai ta duba sau biyu.

Abokin aikinta kuwa, wanda ake wa laƙabi da Wuta, kullum cikin tsokanarta yake: "Anti, kafin ki gama gwaji ɗaya ai maganin ya lalace!" Sai ta yi murmushi kawai.

Wata safiya aka kawo maganin zazzaɓin yara katan ɗari uku don a gwada. Wuta ya saka shi a na'urar da ke rarrabe sinadarai: famfo yana turo ruwa, ruwan yana tura maganin cikin siririn bututu, kowane sinadari da lokacin fitowarsa. Littafin aiki ya ce sinadarin maganin yakan fito a minti shida. Nasa ya fito a minti huɗu.

Ya buga tebur. "Wannan ba maganin ba ne! Yanzu zan rubuta wa Oga a zubar da katan ɗari ukun nan."

Anti ta bari sauran ma'aikata suka fita shan shayi, sannan ta jawo kujera kusa da shi.

"Ƙanena, mililita nawa famfonka ke turawa a minti?"

"Ɗaya da rabi. Jiya na ƙara masa gudu."

"Littafin fa?"

Ya duba. "Ɗaya."

"To, adadin ruwan da ya wuce kafin sinadarin ya fito za ka lissafa. Ninka lokaci da gudun ruwa."

Shida sau ɗaya, mililita shida. Huɗu sau ɗaya da rabi, mililita shida. Ya mayar da famfon yadda yake, ya sake gwaji, maganin ya fito a minti shida cif. Ya juyo ya dubi Anti.

"Anti, da kin faɗa a gaban mutane..."

"Me zan ƙaru da shi? Tashi, shayinka na hucewa."

Da rana Wuta ya je da ƙafarsa ya gaya wa Oga komai. Washegari motoci suka kwashi maganin zuwa asibitoci. Da aka buɗe sabon sashe, Anti aka ba shugabanci, Wuta ne kuma ya fara roƙon a mayar da shi ƙarƙashinta.

Darasi: Sauri kan haifi nawa, don haka ka bincika kafin ka yanke hukunci. Idan kuma ka ga kuskuren ɗan'uwanka, gyara masa a keɓe. Ku tura wa abokan aikinku, wataƙila akwai mai buƙatar ji.