Shaidun da Suka Jira Damina

A zamanin da magana ke da nauyi a bakin dattijai, an yi wani sarki a birnin Rafin Gora mai suna Alwali. Al'adar birnin kuwa, idan Magajin Gari ya rasu, unguwar Gabas ta tsayar da mutum, unguwar Yamma ta tsayar da nata, kowane magidanci ya zura hannu cikin rufaffen tulu ya saki tsakuwa, fara ta Gabas, baƙa ta Yamma.

Wata shekara sai Nomau Dogo, wani majemi daga bakin ganuwa, ya ce shi ma yana neman sarautar, domin unguwannin biyu sun manta da rijiyoyin talakawa. Aka yi dariya har da riƙe ciki, amma sarki ya yarda. Da yake tsakuwa ba ta da launi na uku, sai aka ce mai son Nomau ya jefa ƙwallon tsamiya.

Da dattijai masu ƙirga suka fito, suka ce Yamma ta yi rinjaye, Nomau kuwa bai sami ko ɗaya ba, suka rantse duk ƙuri'ar da ke tulun sun ƙirga ta.

Nomau ya faɗi gaban sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, na yarda kowa ya ƙi ni, amma ni ban ƙi kaina ba. Ina tawa ta shiga?"

Hukuncin garin kuwa, wanda ya ƙaryata rantsuwar dattijai ba da shaida ba, sai ya bar birni har abada. Sarki ya dubi Waziri Hambali ya ce, "Ya Waziri, ga masu rantsuwa da ban taɓa kama su da ƙarya ba, ga mai ƙara da ban ga alamar hauka gare shi ba. Nemo mini shaida, in ba haka ba majemi ya ɗaure kayansa."

Abin ya dami Waziri ƙwarai, domin shi da kansa ƙwallon tsamiya ya jefa, amma ƙuri'a sirri ce, kuma bakin mutum ɗaya ba ya rushe rantsuwa. Ya tafi zauren ƙirga yana dube-dube. Can ya hangi tsohuwar rariya a rataye, sai ya tuna tun yana yaro yake ganin dattijai suna tankaɗe abin da ke tulu kafin ƙirga, su watsar da shara a bayan zaure.

Ya koma ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, shaiduna suna nan, sai dai ba su magana da rani. A yi mini jinkiri har ruwa ya sauka, a kuma killace bayan zauren kada awaki su shiga."

Da damina ta zauna, Waziri ya ja sarki da jama'a zuwa wurin. Ga 'yan tsamiya sun tsiro kore shar, sun cika filin har gindin katanga. Babban masu ƙirga ya daɗe yana kallo, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Wallahi ba mu yi ƙarya da gangan ba. Tun kakanninmu, abin da ba tsakuwa ba shara muke kiransa."

Aka ƙirga tsiron. Nomau bai kai Yamma ba, amma ya wuce Gabas. Ya durƙusa ya shafa wani ganye, ya ce, "Ashe ba ni kaɗai ba ne."

Sarki ya soke korar, ya danƙa wa Nomau kula da rijiyoyi, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya hana a sare ko ɗaya daga itatuwan. Kakanninmu sun yi zaɓe a inuwarsu, iyayenmu sun sha kunun 'ya'yansu. Yau an sare su an yi rumfuna, kuma duk wanda ya san wurin yana kewarsa.

Masu hikima suka ce, adalci bai cika don an ba mai rinjaye kujerarsa, sai an ƙirga har muryar wanda ya faɗi.